Malam Abdullahi na Gwandu: Tuta, Alƙalami da Amana

Fitowar mujallar bango ta wannan karo an ware ta ne domin tutar ƙasa, musamman yadda ake zana ta a jikin kan sarki, wato 'yar takardar nan da ake liƙa wa ambulan kafin a jefa wasiƙa a gidan waya. Mu kuma aikin da ƙungiya ta ba mu shi ne mu kawo tarihin wani babban mutum da ya daɗe da rasuwa, wanda rayuwarsa ta shafi tuta. Ba mu je nesa ba. Mu 'yan Wurogauri a ƙasar Gwandu muke, kuma a garin Gwandu hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, ƙanen Shehu Usmanu, Allah Ya ƙara musu yarda.

Kafin wani ya ce mun saki hanya, bari mu faɗi abin da ya haɗa kan sarki da Malam Abdullahi.

Kan sarki na farko a duniya ya fito ne a Ingila a shekarar 1840. Kuɗinsa kwabo 1 ne na ƙasarsu, kuma hoton kan Sarauniya Biktoriya ne a jikinsa. Da Turawa suka zo ƙasarmu sun zo da irinsa. A 1900 suka buga wanda aka rubuta wa sunan Arewacin Nijeriya, shi ma da kan sarauniyar. Bayan ta mutu aka riƙa sa kan ɗanta Sarki Edwad, daga baya kuma na jikanta Sarki Joji. Kun ga inda sunan kan sarki ya samo asali ke nan. A 1959 wani ɗalibi ɗan Nijeriya da ke karatu a Landan, Michael Taiwo Akinkunmi, ya ci gasar zana tutar ƙasa, aka ɗaga ta ranar 1 ga Oktoba 1960. Bayan haka kawunan sarakunan Ingila suka bar kan sarkinmu, aka riƙa ganin tutar kore da fari da kore, da tambarin ƙasa, da taswira, da dabbobin dawa. Sunan ne kawai ya ƙi tashi.

Kan sarki bai fi babban yatsa girma ba. Amma idan ma'aikacin gidan waya a wata ƙasa mai nisa ya ga tutar da ke jikinsa, ya san ƙasar da ta ɗauki nauyin wannan wasiƙa, sai ya karɓa ya isar da ita. Ƙarfin 'yar takardar yana zuwa ne daga waɗanda suke tsaye a bayanta. Malam Abdullahi ya rasu fiye da shekara 10 kafin a buga kan sarki na farko, bai kuma ga tutar Nijeriya ba. Sai dai a zamaninsa ma ana ba da tuta, ana aika wasiƙa, kuma yana cikin waɗanda suka fi kowa damuwa da halin mutanen da ke bayan tutar.

An haife shi wajen shekarar 1766, wato Shehu ya girme shi da kamar shekara 12. Fulani ne Toronkawa, gidan malamai kaka da kakanni. Sunan mahaifinsu Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsu kuma Hauwa'u. Danginsu suna zaune a Ɗegel, a ƙarƙashin mulkin Sarkin Gobir. A wurin mahaifinsa ya yi karatun Alƙur'ani, yana shekara 13 aka danƙa shi ga wansa Usmanu don ya ci gaba da karantar da shi. Wannan wurin ya tsaya mana a rai, domin yawancinmu a wannan aji shekarunmu ke nan. Ba shi da benci, ba shi da fitilar lantarki, ba a buga littafi a inji a ƙasar. Duk littafin da ɗalibi yake so ya mallaka, sai ya zauna ya kwafe shi da hannunsa, da alƙalamin kara da tawada, a kan takarda mai tsada wadda fatake suke kawowa ta hamada.

Bai tsaya ga Shehu kaɗai ba. Ya yi karatu a wurin kawunnai da baffanni da wasu malaman, ciki har da Malam Jibrilla ɗan Umaru, wanda shi ma malamin Shehu ne. Ya karanta fiƙihu da hadisi da tafsiri, amma inda ya yi fice tun yana saurayi shi ne harshen Larabci: nahawu, sarfu da tsara waƙa. Daga baya ya rubuta ɗan littafi ya jera malamansa da abin da ya karanta a wurin kowannensu. Saboda wannan ne har yau aka san yadda karatunsa ya gudana. Muna ganin wannan ɗabi'a ce mai kyau, mutum ya girma ya yi suna amma bai manta wanda ya koya masa baƙi ba.

Da Shehu ya fara yawon wa'azi, Malam Abdullahi yana tare da shi. Sun zaga ƙasar Kabi, sun yi shekaru a Zamfara suna karantarwa. A wannan lokaci ne wani malami ya aiko wa Shehu da waƙa yana sukarsa, wai yana barin mata suna zuwa wurin wa'azi. Shehu ya ce ƙanensa ya ba da amsa. Malam Abdullahi ya mayar da tasa waƙar, ya nuna cewa su ma ba su yarda da cuɗanya ba, amma barin mata cikin jahilci ya fi zama laifi. 'Yan matan ajinmu sun ce lallai mu sa wannan a rubutun, kuma suna da gaskiya, don har yanzu akwai gidajen da ake wannan muhawara a ƙauyukanmu.

Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami lokacin Babbar Salla, ya raba musu kyauta. Shehu bai karɓi dukiyar ba. Maimakonta ya roƙi a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Malam Abdullahi ya rubuta labarin wannan taro a littafinsa. Bayan Bawa abubuwa suka ɓaci. Sarki Nafata ya hana rawani da lulluɓi, ya taƙaita wa'azi. Da ɗansa Yunfa ya hau, sai rikicin ya kai ga jini, musamman bayan harin da aka kai wa jama'ar Malam Abdussalami a Gimbana.

A watan Fabrairu 1804 Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. A can ne aka ga dole sai an naɗa shugaba, aka yi wa Shehu mubaya'a a matsayin Sarkin Musulmi. Wanda ya fara miƙa hannu shi ne Malam Abdullahi, sai Muhammadu Bello ɗan Shehu. Ku riƙe wannan, domin maganar mubaya'a za ta sake dawowa a rayuwarsa ta wata fuska mai ɗaci.

A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tabkin Kwatto. Yunfa ya zo da mahaya masu lifidi da taimakon Abzinawa. Jama'ar Shehu dawakinsu ba su wuce 20 ba, yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa. Wanda ya jagorance su a ranar shi ne Malam Abdullahi, mutumin da aka fi sani da littafi. Suka yi nasara, Yunfa ya gudu, suka sami dawakin da ba su da su a da. Labari ya bazu a ƙasar Hausa.

Daga nan ne maganar tuta ta taso. Malamai da shugabannin jama'a daga wurare masu nisa suka riƙa zuwa da kansu ko su aiko wakilai. Shehu yakan ba mutum tuta, ya yi masa addu'a, ya koma ƙasarsa. Haka Malam Yakubu ya koma Bauchi, Buba Yero ya koma Gombe, Modibbo Adama ya koma ƙasar da yau ake kira Adamawa da sunansa, Malam Musa ya nufi Zazzau, Umarun Dallaji kuma Katsina. Idan muka duba, tutar ƙyalle ce kawai a kan sanda. Amma a zamanin da ba waya, ba rediyo, ba jarida, ita ce take gaya wa mutanen wani gari cewa wannan mutum ba da ra'ayin kansa ya zo ba, Shehu ne ya aiko shi. Aikin da tutar jikin kan sarki take yi wa wasiƙa, shi wannan tutar take yi wa mai ɗauke da ita. Bambancin shi ne wasiƙa ba ta canza hali a hanya, mutum kuwa yana canzawa. Wanda ya karɓi tuta ya ɗauki alkawarin zai yi hukunci da adalci, zai tsayar da salla, zai kare raunana, ba zai ci dukiyar mutane ba. Idan ya yi nisa da idon Shehu, wa zai tabbatar ya cika?

Yaƙin bai tafi a miƙe ba. A ƙarshen 1804 aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, malamai da mahaddata da yawa suka rasu. Ga yunwa, ga ciwo. Suka koma Zamfara suka zauna a Sabon Gari. Daga can ne a 1805 Malam Abdullahi ya ja runduna zuwa Birnin Kabi, wato Birnin Kebbi hedikwatar jiharmu ta yau, ya ci garin, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. Wannan ya buɗe hanya jama'ar suka dawo Gwandu suka zauna a cikin shekarar. Kafin ta ƙare aka sake karya su a Alwasa, abokan gaba suka biyo su har bakin Gwandu, aka yi kwanaki ana artabu kafin a kore su. Bayan wannan ne aka yi wa garin ganuwa. Duk wuraren nan ba su da nisa da mu. Wasunmu suna wucewa ta kusa da su a kan babur ko a mota ba tare da sanin abin da ya faru a wurin ba.

Yanzu mun zo wurin da ya fi ba mu mamaki a duk tarihinsa.

A 1807, lokacin da nasara ta fara zama, garuruwa suna ta miƙa wuya, Malam Abdullahi ya bar rundunar. Shi ne wazirin Shehu, shi ya ci Kwatto, shi ya ci Birnin Kabi, duk wata ƙofa a buɗe take gare shi. Amma ya duba ya ga yawancin abokan da suka fara tafiyar tare, masu tsoron Allah, sun rasu a yaƙe-yaƙen. Waɗanda suka cika wurinsu da yawa abin duniya ne a gabansu: neman sarauta, tara ganima, manyan riguna, dawakin ado. Masallatai da makarantu an yi sakaci da su. Abin da suka fito su gyara a gidan sarakunan da, shi ne ya fara tsirowa a cikin nasu gidan. Tutar tana nan a sama, mutanen da ke ƙarƙashinta ne suka sauya.

Bai tara magoya baya ya yi tawaye ba, bai kuma yaƙi ɗan uwansa ba. Ana cikin tafiya zuwa yaƙi ya zame da 'yan abokai kaɗan, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Ya ba da labari cewa sun yi kwanaki a cikin wani daji ba su ga kowa ba sai sawun giwaye. Haka suka yi ta tafiya har Kano.

Mun yi gardama a ƙungiya a kan wannan. Wasu sun ce gudu ne, kuma shugaba bai kamata ya bar mutanensa a tsakiyar aiki ba. Wasu sun ce ba gudu ba ne, tunda bai gudu a Kwatto ba, ranar da mutuwa take ido da ido. Mu masu wannan rubutu muna tare da na biyun. Tsayawa gaban mashin abokin gaba abu ne mai wuya, amma mutane da yawa sun yi shi. Mutum ya kalli nasa ɓangaren a lokacin da suke cin nasara, ya ce mun karkace, ya kuma rubuta hakan da sunansa don na baya su karanta, wannan ba kowa ba. Ko a aji, ya fi sauƙi mu kai ƙarar ɗan wani aji da mu faɗi laifin abokin zamanmu.

A Kano mutane suka hana shi wucewa. A lokacin jama'ar Shehu sun karɓi garin, Malam Sulaimanu ne sarki, amma suna buƙatar wanda zai nuna musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya ga abin da ya baro a gida yana nan a Kano ma. Sai ya zauna, ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani, ya kuma rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami, wato hasken masu mulki. A cikinsa ya yi bayanin yadda ake naɗa shugaba, da aikin waziri da alƙali, da inda dukiyar jama'a take fitowa da inda ya halatta a kashe ta. Idan tuta tana nuna wanda ya aiko mutum, wannan littafi yana nuna abin da aka aiko shi ya yi. Daga Kano ya juyo gida. Hajjin da ya yi niyya Allah bai nufa ba.

A 1808 Alƙalawa ta faɗi a hannun rundunar da Bello ya jagoranta, Yunfa ya mutu. Malam Abdullahi ya ja wasu yaƙe-yaƙe zuwa yamma har hayin Kwara. Da Shehu ya koma Sifawa, shi kuma ya zauna kusa da shi a Boɗinga. Wajen 1812 Shehu ya raba kula da ƙasar gida biyu: gabas ga ɗansa Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi. Daga wannan rabo ne masarautar Gwandu ta samo tushe. A ƙarƙashin kulawarta akwai ƙasar Kabi da Dandi, da Nupe, da Ilori daga baya, har da Liptako wadda yau take cikin Burkina Faso.

Ƙasa mai faɗi haka ba a riƙe ta da doki kaɗai, sai da wasiƙa. Ana rubuta ta da Larabci, a naɗe, a ba manzo ya hau doki ko ya taka da ƙafa, ya yi kwanaki ko makonni a hanya. Idan an yi saɓani a kan wanda zai gaji sarauta a Nupe ko Ilori, daga Gwandu ake jiran amsa. Wasiƙun sarakunan daular da suka rage a gidajen adana tarihi, da yawansu suna ɗauke da hatimin wanda ya aiko, don kada wani ya ƙaga magana ya jingina wa sarki. Ashe tun kafin Bature ya kawo gidan waya, mutanen nan sun san wasiƙa tana buƙatar alama. Abin da babu a lokacin shi ne hanyar da talaka zai biya ɗan kuɗi kaɗan a kai masa tasa. Shi sai dai ya ba fatake sallahu.

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu 1817. Mutane da yawa sun ɗauka Malam Abdullahi ne zai gaje shi, don shi ne babba, shi ne waziri, kuma ba wanda yake jayayya da iliminsa. Amma manyan da ke Sakkwato suka yi wa Bello mubaya'a. Marubuta tarihi sun kawo cewa da Malam Abdullahi ya iso daga Boɗinga, ya tarar an rufe ƙofar gari. Ya juya, daga baya ya koma Gwandu da zama. Ku tuna wannan shi ne mutumin da ya fara miƙa hannu a Gudu. Ba sai an gaya mana cewa abin ya yi masa ciwo ba. Aka yi 'yan shekaru tsakaninsa da ɗan wansa ba daɗi.

Ana cikin haka tawaye ya tashi a Kalambaina. Wannan wadda take kusa da Gwandu muke nufi, ba ta Sakkwato mai kamfanin siminti ba. Abin ya fi ƙarfin mutanen Gwandu su kaɗai. Bello ya taso da runduna ya zo taimakon baffansa, suka haɗu suka ci garin. Bayan yaƙin suka fuskanci juna a kan dawakai. Bello ya yi haramar sauka don ya gaida baffansa kamar yadda ɗa yake yi. Malam Abdullahi ya yi masa nuni ya zauna, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Da wannan aka rufe ɓarakar. Da ya ga dama, yana da ƙasa, yana da mabiya, yana da hujjojin da zai kawo daga littafi, zai iya ɗaga tasa tutar daban. Da an yi haka, da wataƙila Gwandu da Sakkwato sun ƙare da yaƙar juna. Maimakon haka gidajen biyu suka zauna suna taimakon juna har zuwan Turawa, kuma har gobe Sarkin Gwandu yana cikin manyan sarakunan Arewa na sahun gaba.

Bayan sulhun ya sauke yawancin nauyin mulki a kan ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari, ya koma ga abin da ransa ya fi so tun yana yaro. Littattafansa suna da yawa, ba za mu iya jera su a wannan allo ba. Mafi girma shi ne tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, wanda aka buga a Alƙahira a 1961 cikin juzu'i 4, kuma malamai suna karanta shi a watan azumi har yau. Da ya ga ya yi wa wasu ɗalibai nauyi, sai ya rubuta wani tafsirin mai sauƙi, Kifayatu Du'afa'is Sudan. Yana da Bahrul Muhiɗ a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu, dukansu a waƙe. Sai Tazyinul Waraƙat, inda ya tara waƙoƙinsa ya kuma bayyana dalilin yin kowace. A cikinsa ne labarin Magami da Kwatto da tafiyar Kano suke. Duk wanda ya karanta tarihin jihadi a littafin makaranta, ko bai sani ba, yana cin gajiyar abin da wannan bawan Allah ya rubuta. Abin lura kuma shi ne sunayen littattafansa da dama suna farawa da kalmar da take nufin haske.

Ya rasu a Gwandu wajen 1829, yana da shekara 60 da 'yan kai, aka binne shi a can. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa kuma wani ɗan nasa, Halilu. A zamanin Halilu ne, a 1853, wani matafiyi Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya sauka a Gwandu. A garin ya sami kwafin Tarihus Sudan, babban littafin tarihin daular Songhai da Tumbuktu, ya zauna ya kwafi sassa daga ciki ya kai Turai. Wato shekara 20 da ɗoriya bayan rasuwar Malam Abdullahi, Gwandu tana nan a matsayin garin da baƙo daga wata nahiya zai zo ya sami littafin da ba shi da shi a ƙasarsu.

A watan Maris 1903 sojojin Lugga suka ci Sakkwato, ƙasar Gwandu ma ta shiga ƙarƙashin tutar Ingila. Ba da daɗewa ba fadar masarautar ta koma Birnin Kebbi, inda take har yanzu, kuma sunan Abdullahi Fodiyo aka sa mata. Tare da sabuwar tutar aka shigo da gidan waya da kan sarki mai kan Sarki Edwad. Wannan tutar ta yi shekara 57 a ƙasarmu kafin a sauke ta a ɗaga wadda muke tsayawa a gabanta kowace safiya a filin taro. Jihar Kebbi kuwa sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro ta daga tsohuwar Jihar Sakkwato.

Hubbaren Malam Abdullahi yana nan a cikin garin Gwandu, mutane suna zuwa ziyara daga wurare daban-daban. Ƙungiyar 'yan jarida ta rubuta wa hukumar makaranta takarda tana roƙon a kai mu a zango mai zuwa. Duk wanda kuma yake da tsohuwar ambulan a gida mai kan sarki a jiki, musamman mai hoton tuta, ya nemi izinin iyayensa ya kawo mana aro mu liƙa a wannan allo na mako guda, za mu mayar masa da ita yadda ya kawo.